SARAKUNAN SHEBA DA YAƘE-YAƘENSU: ME ZA A RUBUTA A KANKA?

Karatu: 1 Sarakuna 10:1-13, Matiyu 12:38-42, Yakubu 4:1-10
Ayar haddacewa: Karin Magana 17:14

Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren da aka nuna a sama, domin a kansu za mu tsaya.

Yawancinmu mun san Sarauniyar Sheba tun muna makarantar Lahadi. Hausawa suna kiranta Bilkisu, Habashawa kuma Makeda, amma Littafi Mai Tsarki ya kira ta da sunan ƙasarta kawai. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, ƙasar nan ta yi sarakuna da yawa a bayanta, har fiye da shekara dubu, kuma yawancinsu mayaƙa ne. Sun bar labarinsu a sassaƙe a kan duwatsu, ana karanta shi har yau. Ina so mu ajiye labarin waɗannan sarakuna kusa da Maganar Allah, mu ga abin da Ubangiji zai koya mana game da faɗa, da ramuwa, da abin da mutum yake bari a bayansa.

1. ƘASAR DA ALLAH YA WADATA

Sheba, ko kuwa Saba, tana kudancin ƙasar Larabawa ne, inda ƙasar Yaman take a yau. Babban birninta Marib, gabas da Sana'a, a bakin hamada. Abu biyu ne suka ɗaukaka ta.

Na farko, ruwa. Mutanen Sheba sun tare bakin wani kwari da babbar madatsar ruwa wadda tsawonta ya haura mita 500. In an yi ruwa a kan duwatsu, sai madatsar ta tare ambaliyar, a raba ta ta ƙofa biyu, kudu da arewa, tana shayar da gonaki kusan hekta 10,000. A tsakiyar busasshiyar ƙasa ana noman hatsi da dabino.

Na biyu, turare. Lubban da mur ƙaro ne na itatuwa. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hano, wanda wasu suke ce wa ararraɓi, ya kuma san dashi. Dangin itacen lubban da na mur ke nan. Mu da muke zaune a Gabon mun san okume, wanda ake ƙona ƙaronsa don haske da ƙanshi. Shi ma daga wannan dangi yake. A zamanin dā babu haikalin da ba a ƙona turare a cikinsa, daga Masar har Roma. Ayarin raƙuma yakan yi zango 65 daga kudancin Arabiya zuwa Gaza, kuma wanda ya riƙe hanyar ayari shi ne ya riƙe dukiya. Shi ya sa annabi Ezekiyel (27:22) ya ambaci fataken Sheba cikin masu kai kayan ƙanshi da zinariya kasuwar Taya.

Ka lura da wannan, ɗan'uwana. Mutanen Sheba ba su halicci itacen lubban ba, ba su kuma sa ruwa ya sauko a kan duwatsu ba. Kyauta ce daga Allah, kamar yadda man fetur da katako suke kyauta ga ƙasar da muke zaune a cikinta, kamar yadda lafiyarka da jarinka suke kyauta. Tambayar ita ce, me suka yi da kyautar?

2. SARKIN DA YA RUBUTA YAƘE-YAƘENSA A DUTSE

Mafi girma cikin sarakunan Sheba shi ne Karib'il Watar, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 7 kafin haihuwar Almasihu. Rubutun Assuriyawa ya nuna wani Karibilu sarkin Saba ya aika wa Sennakerib kyautai wajen shekara ta 685, kuma masana da yawa sun ɗauka shi ne wannan. Sennakerib ɗin nan shi ne wanda ya tasam ma Urushalima a zamanin sarki Hezekiya (2 Sarakuna 18 da 19). Ashe muna maganar mutumin da ya rayu kusa da zamanin annabi Ishaya ne.

Sarautarsa ana ce mata mukarrib, wato mai haɗa kan kabilu. To, bari ka ji yadda ya haɗa su. A garin Sirwa, yamma da Marib, cikin haikalin gunkinsu Almaka, ya sa an sassaƙa labarin yaƙe-yaƙensa takwas a kan wani dutse mai tsawon kusan mita 7. Dutsen ya ce a yaƙi na fari ya kashe mutum 3,000, ya kama 8,000. Da ya auka wa ƙasar Ausan, ya kashe 16,000, ya kama 40,000, ya rushe fadar sarkinsu, ya kankare rubuce-rubucen da suke cikin fadar da haikalinsu don kada a ƙara tunawa da su. Birnin Nashshan, wanda dā abokin Sheba ne, ya kewaye shi da ganuwa shekara 3 har ya miƙa wuya, ya ƙone fadarsa, ya tilasta wa sarkinsa ya gina wa Almaka haikali a tsakiyar gari. A yaƙi na ƙarshe, wajen Najran, ya kashe 5,000, ya kama 12,000, ya kora dabbobi 200,000.

Sarakuna sukan ƙara wa miya gishiri in suna ba da labarin kansu. Amma ko da an rage lissafin, ka duba abin da mutumin nan ya zaɓa a tuna shi da shi. Filin wasa na Angondjé da yake nan kusa da mu yana ɗaukar mutum 40,000. Ka yi tunanin filin nan cike maƙil, maza da mata da yara, dukansu a ɗaure, za a kai su bauta. Wannan ganimar yaƙi ɗaya ce, kuma a cikin ɗakin sujada aka rubuta ta, a matsayin godiya.

Dutsen ya ba mu adadi, bai ba mu sunan uwa ko ɗaya da aka raba ta da ɗanta ba. In kana so ka ji yadda harin mutanen Sheba yake a wajen wanda aka kai wa, sai ka buɗe Ayuba 1:13-15. Ana noma da shanu, jakuna suna kiwo, sai mahara daga Sheba suka faɗa musu, suka kwashe dabbobin, suka karkashe ma'aikatan, mutum ɗaya tak ya tsira ya kawo labari. Ƙaramin hari ne, wanda bai isa a rubuta shi a dutsen sarki ba, amma Allah ya sa an rubuta shi cikin Maganarsa. Sarakunan duniya suna ƙirga waɗanda suka kashe. Allah kuwa yana zaune tare da wanda aka kashe wa.

Haka kuma ka karanta Irmiya 6:20. A can Ubangiji ya nuna wa mutanen Yahuza cewa lubban da suke sayowa daga Sheba ba shi da wani amfani a gare shi, tun da sun ƙi jin maganarsa. Turare mai tsada ba ya rufe warin zalunci. In ka danne haƙƙin yaron shagonka daga Litinin zuwa Asabar, baikon da ka kawo ran Lahadi ba zai wanke ka ba.

3. DAGA INA FAƊA YAKE FITOWA?

Manzo Yakubu ya yi wannan tambaya a sura 4, ya kuma amsa ta. Ya ce tushen yaƙe-yaƙe da husuma yana cikinmu: sha'awace-sha'awacen da suke kokawa a zuciya. Mutum ya ga abu ya so, bai samu ba, sai ya yi kishi, sai ya yi faɗa, har ya kai ga kisa. Tarihin Sheba ya tabbatar da wannan, gama yawancin yaƙe-yaƙenta da maƙwabta da dangi ta yi su: Kataban, Hadramaut, Himyar, mutanen da harshensu da al'adunsu suke kusa da nata.

Ga misali biyu. Wajen shekara ta 225 bayan haihuwar Almasihu, sarkin Sheba mai suna Sha'ir Autar yana da 'yar'uwa, Malikhalak, wadda take auren sarkin Hadramaut. Da farko ya taimaki surukin nasa ya murƙushe tawaye. Bayan 'yan shekaru sai ya juya masa, ya ci shi da yaƙi, ya kama shi, ya washe babban birninsa Shabwa, ya ɗauko 'yar'uwarsa ya komo da ita Marib. Auren da aka ƙulla don zumunci ya ƙare da toka.

Na biyu, a tsakiyar wannan ƙarni na 3, sarkin Sheba Ilsharah Yahdib ya gwabza da sarkin Himyar Karib'il Aifa a wani fili da ake kira Hurmat. Kowannensu yana kiran kansa da sarauta iri ɗaya. Masu bincike sun sami rubutun ɓangarorin biyu game da wannan yaƙi. Mutanen Sheba sun rubuta cewa su ne suka yi nasara, suka gode wa allahnsu. Mutanen Himyar su ma sun rubuta cewa su ne suka yi nasara, suka gode wa nasu.

Wannan bai yi maka kama da wani abu ba? Duk fasto da dattijon ikkilisiya da ya taɓa zaman sasanci ya san dutsen nan mai fuska biyu. Miji ya zo da labarinsa, shi ne mai gaskiya. Mata ta zo da nata, ita ce mai gaskiya. 'Yan'uwa biyu sun haɗa kuɗi sun buɗe shago a kasuwar Mont-Bouët, yau ba sa ga maciji da juna, kowa yana riƙe da lissafin laifin ɗan'uwansa. Wani ya yi shekaru yana aika kuɗi gida a gina masa ɗaki, ya je ya tarar da fili babu ko tubali, zumunci ya yanke. Mawaƙa sun rabu biyu a kan wanda zai shugabance su, zumuntar mata ta rabu a kan kuɗin asusu, kowane ɓangare kuma yana addu'a Allah ya kunyata ɗayan.

Kai ma kana da dutsenka. Ba a Sirwa yake ba, a zuciyarka yake. A kansa ka sassaƙa ranar da aka zage ka, da maganar da surukarka ta faɗa shekara goma da suka wuce, da yadda ka mayar da martani har aka yi shiru. Kana karanta shi da dare kafin ka yi barci. Amma 1 Korantiyawa 13:5 ta koya mana cewa ƙauna ba ta ajiye irin wannan lissafi.

4. ABIN DA YA KA DA SHEBA

Wajen shekara ta 25 kafin haihuwar Almasihu, Kaisar Augustas, wanda Luka 2:1 ta ambata, ya aiki hakiminsa na Masar, Eliyus Gallus, da sojoji kimanin 10,000 su kama ƙasar turare. Suka ratsa hamada wata da watanni har suka iso ƙasar Sheba, suka kewaye birnin kwana 6, ƙishirwa ta kore su. Cuta da yunwa da gajiya suka cinye yawancin rundunar. Daular da ta fi kowace ƙarfi a duniyar wancan zamani ta koma hannu wofi.

Abin da Roma ta kasa yi, 'yan gida suka yi. Jiragen ruwa suka fara ɗaukar kaya ta Bahar Maliya, cinikin ayari ya ragu, sarakunan kudancin Arabiya kuwa suka ci gaba da cin juna a kan abin da ya saura. Wajen shekara ta 275 Himyar ta haɗiye Sheba, mulki ya tashi daga Marib ya koma Zafar. Kafin ƙarshen ƙarni na 4 an daina kai wa Almaka hadaya, babban haikalinsa ya zama kango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sai madatsar ruwa. Kowace ambaliya tana kawo laka da yashi, dole a riƙa yashewa, a riƙa ƙara tsayi, a riƙa toshe tsaga. Aiki ne da yake bukatar dubban hannuwa da haɗin kan kabilu. Ta fashe a tsakiyar ƙarni na 5, aka tara mutum 20,000 aka gyara. Ta sake fashewa wajen shekara ta 547, aka gyara. Da ta fashe a ƙarshen ƙarni na 6, ba a sami masu gyara ba. Gonaki suka bushe, mutane suka watse, yashi ya rufe gari. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san labarin wannan ambaliya sarai.

Yanzu ka koma ga ayar haddacewarmu. Karin Magana 17:14 ta kwatanta farkon husuma da ɗan huji a jikin madatsar ruwa, ta kuma ba da shawara a bar maganar tun ba ta ɓarke ba. Wanda yake da dangi a Maiduguri ya san ma'anar wannan, gama a watan Satumba na shekara ta 2024 madatsar Alau ta ɓalle da dare, ruwa ya mamaye gari. Tsagar da mutum ɗaya zai iya toshewa da safe, in ta buɗe, mutum dubu ba za su iya tare ta ba.

Aurenka madatsa ce. Zumuncinka madatsa ce. Ikkilisiyarku madatsa ce, kuma akwai 'ya'ya da sababbin masu bi da suke sha daga gare ta. Kullum laka tana taruwa: ƙaramar magana, gaisuwar da ba a amsa ba, bashin da aka yi shiru a kansa. Shi ya sa Afisawa 4:26 ta ba fushi wa'adi, wato faɗuwar rana. Yashewar yau da kullum ita ce "yi haƙuri", da "na yi laifi", da "na yafe". Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

5. NAJRAN: TAKOBI DA GICCIYE

Akwai wani abu a tarihin ƙasar nan da ya shafe mu ƙwarai. Najran, wadda Karib'il ya ɓarnata, tana kudancin Saudiyya a yau. Bayan fiye da shekara dubu bishara ta kai can, aka kafa ikkilisiya mai ƙarfi. A shekara ta 523 sarkin Himyar, Yusuf As'ar, wanda aka fi sani da Zu Nuwas, ya kewaye garin. Ya yi musu alkawarin aminci, da suka buɗe ƙofa sai ya karya alkawari. Ya ce su yi musun Almasihu, suka ƙi. Aka ƙone majami'a da mutane a ciki, aka fille kan shugabansu, wani tsoho mai suna Harisu, tare da masu bi da yawa, maza da mata. Ikkilisiyoyi da dama suna tunawa da su har yau.

A shekara ta 525 Kaleb, sarkin Habasha, wanda yake Kirista, ya haye Bahar Maliya da runduna, ya ci Yusuf da yaƙi. Daga baya wani jarumin Habasha mai suna Abraha ya ƙwace mulki. Ya gina babbar majami'a a Sana'a, shi ne ma ya gyara madatsar Marib a 547, ya buɗe rubutunsa da sunan Allah da Almasihunsa. Amma shi ma ya cika dutse da labarin yaƙe-yaƙe kamar na farko. Mulkin gidansa bai kai shekara hamsin ba, Farisawa suka zo suka karɓe ƙasar. Majami'ar da ya gina ta rushe. Shaidar tsohon nan na Najran kuwa, wanda bai zare takobi ba, tana nan.

Na sani a cikinku akwai waɗanda aka ƙone wa gida ko majami'a a can gida, akwai waɗanda aka kira su a waya da dare aka faɗa musu an kashe uba ko ƙane a gona. Ba na ɗaukar zafin nan da wasa, Ubangiji ma bai ɗauke shi da wasa ba. Daidai ne ka yi kuka. Daidai ne ka kai ƙara, ka nemi hukuma ta yi aikinta, gama don haka Allah ya kafa ta (Romawa 13:1-4), manzo Bulus ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Daidai ne ka kiyaye iyalinka. Amma ramuwa, wato ka tare wanda bai san hawa ba bai san sauka ba don kawai kabilarsa ko addininsa ɗaya da wanda ya cuce ka, wannan hanyar Karib'il ce, ko da ka rataya gicciye a wuya. Romawa 12:19-21 ta ce mu bar wa Allah sakayya, mu ci nasara a kan mugunta ta wurin aikata nagarta. A gonar Getsamani Ubangiji ya umarci Bitrus ya mayar da takobinsa kube (Matiyu 26:52). Kuma ka kula da abin da kake turawa a waya. Hoto ɗaya da ba ka tabbatar da shi ba zai iya zama hujin da zai ɓalle madatsar wani gari.

6. WADDA TA FITA DA TAMBAYA

Sarakunan Sheba da yawa sun fita daga ƙasarsu da runduna. Mutum ɗaya ce Littafi Mai Tsarki ya nuna ta fita da tambaya. Sarauniyar ta ji labarin Sulemanu da sunan Ubangiji, ta ɗaura wa raƙuma kaya, ta kama tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Tana da zinariya, gama ta ba Sulemanu talanti 120, wato kimanin tan 4. Tana da gadon sarauta da fadawa. Duk da haka ta san akwai abin da ba ta da shi, ba ta kuma ji kunyar nema ba. Ta zazzage wa Sulemanu dukan abin da yake ranta, ta saurara, ta duba da idonta, ta yarda cewa abin da ta tarar ya fi abin da aka faɗa mata, sa'an nan ta yabi Ubangiji Allah na Isra'ila. Matambayi ba ya ɓata.

Da malaman Attaura da Farisiyawa suka nemi Yesu ya nuna musu alama, bai ambaci Karib'il da yaƙe-yaƙensa takwas ba. Matar nan ya ambata. Ya ce a ranar shari'a za ta tashi ta kā da mutanen zamaninsa, domin ita ta yi doguwar tafiya don ta ji Sulemanu, su kuwa wanda ya fi Sulemanu yana tsaye a gabansu sun ƙi ji (Matiyu 12:42). Ɗan'uwana, 'yar'uwata, da yawa cikinmu mun ƙetare ƙasa uku ko huɗu, wasu ta ruwa, don neman abinci a Gabon. Taku nawa ka yi don neman Almasihu? Kai ba sai ka hau raƙumi ba. Maganarsa tana shigowa har ɗakinka ta rediyo, tana kuma hannunka yanzu.

Zabura 72 ta yi maganar wani Sarki wanda sarakunan Sheba za su kawo wa kyautai, ta kuma faɗi dalili: yana ceton matalauci da wanda ba shi da mataimaki, jininsu kuma yana da daraja a idonsa. Ishaya 60:6 ta hango mutanen Sheba suna zuwa da zinariya da lubban suna shelar yabon Ubangiji. Wannan Sarki shi ne Yesu. Bai tara runduna ba. Rubutun da aka yi game da sarautarsa a kan gicciye aka kafa shi, bisa kansa. Jinin da aka zubar don kafa mulkinsa nasa ne. Yana kan gicciyen ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Karib'il ya kankare sunayen maƙiyansa. Yesu kuwa takardar bashin zunubanmu ya shafe (Kolosiyawa 2:14), ya rubuta sunayen waɗanda dā maƙiyansa ne a Sama (Luka 10:20). Shi ne mai haɗa kan kabilu na gaskiya.

KAMMALAWA

Yau Marib ta dā kufai ce, kamar Surame ta Kanta da Alkalawa ta Gobir. Ginshiƙan haikali suna tsaye cikin yashi. A shekara ta 2021 an sake gwabza ƙazamin yaƙi a kewayenta, a 2023 kuma hukumar UNESCO ta sa kufan cikin kayan tarihin duniya da suke cikin haɗari. Makamai sun sake, zuciyar mutum ba ta sake ba, ba kuwa za ta sake ba sai Almasihu ya shiga cikinta.

In ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, yaƙinka na fari da Allah kake yinsa, kuma ba za ka ci ba. Ka tuba, ka gaskata cewa ya mutu dominka ya kuma tashi, za ka sami salama da Allah. In kuwa kai mai bi ne, kada ka bar makon nan ya wuce. Matiyu 5:23-24 ta ce sulhu da ɗan'uwa yana gaba da baiko. Ka kira shi. Ka je gidanta. In abin ya fi ƙarfinku, ku nemi fasto ko dattijo ya zauna da ku.

TAMBAYOYI DON BIMBINI

1. Wane laifi ne na wani kake riƙe da shi har yau, kuma me riƙon ya amfana maka?
2. A faɗan da kake ciki, me kake so ƙwarai wanda ba ka samu ba? Ka taɓa roƙon Allah a kansa?
3. Ina tsaga take a gidanka ko a ikkilisiyarku, wa kuma zai fara toshe ta?

ADDU'A

Ya Uba na Sama, mun gode maka domin Yesu Almasihu, Sarkin da ya fi Sulemanu. Ka gafarta mana girmankai da riƙo da son ramuwa. Ka farfashe duwatsun da muka sassaƙa a zukatanmu. Ka ta'azantar da waɗanda aka kashe wa nasu, ka ba hukumomi zuciyar yin adalci. Ka kawo salama a Yaman, da Nijeriya, da Nijar, da Gabon, da cikin gidajenmu. Ka ba mu zuciya mai tambaya da saurare, ka sa mu zama masu ƙulla zumunci. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.